Kama da Wane Ba ta Wane: Kuskurena a kan Kalmar Gari

Da Majalisar Dokokin Jihar Kano ta amince a sauya wa ƙaramar hukumarmu suna daga Kunci zuwa Ghari, a zamanin Gwamna Abba Kabir Yusuf, ina cikin waɗanda suka yi murna. Hujjar masu neman sauyin a fili take: duk inda aka ambaci tsohon sunan, abin da ke faɗo wa mai sauraro a rai shi ne ƙunci, wato matsi da rashi, kuma ba wanda ke son a riƙa kiransa da abin da yake roƙon Allah ya raba shi da shi. Sabon sunan kuwa na kogin Gari ne da madatsar ruwansa, wadda masu noman rani da masunta da makiyaya suka daɗe suna cin moriyarta. Murnar ba laifi ba ce. Laifina shi ne abin da na ɗora a kanta, kuma tunda a bainar jama'a na yi shi, a bainar jama'a ya kamata in warware shi.

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare ta yankin nan. Tun ina ɗalibi nake da wani littafin rubutu mai baƙin bango, inda nake tara kalmomin wasu harsuna, duk wadda na ji ta yi kama da tamu. Wasu daga rediyo na tsinto su, wasu daga finafinan Indiya, wasu daga bakin alhazai da 'yan ci-rani, daga baya wayar hannu ta zo ta buɗe mini ƙofa gaba ɗaya. Shafin da ya fi kowanne cika shi ne na kalmar gari. A Swahili, harshen Kenya da Tanzaniya, gari mota ce. A Habasha keken doki ne. Mutanen Basko da ke zaune a kan iyakar Sifen da Faransa alkama suke kira gari, Armeniyawa kuma sha'ir. A Japan sunan ɗanyar citta ce da ake yankawa fale-fale, a jiƙa a ruwan tsami da sukari, a ci da shinkafa da ɗanyen kifi. A Birazil duk ma'aikacin da ke sharar titi da kwashe shara gari ake ce masa. Ga garin rogo na kudancin Nijeriya da Gana, ga ngaari na Fulanin da muke zaune tare da su, wato bijimi. Sannan ga namu biyu na gida, wanda ake zama a cikinsa da wanda ake tuƙa tuwo da shi.

Da sabon suna ya zo, sai na ga kamar dama ce ta faɗo mini. Na zauna na ɗinke waɗannan kalmomi da zare ɗaya. Na ce asalinsu duka Hausa ne. Na ce gari na zama da gari na tuwo kalma guda ce, domin inda aka fara niƙa hatsi nan mutane suka fara kafa zama. Daga garin tuwo, na ce, sunan ya koma kan hatsin kansa, shi ya sa ya zama alkama a Basko, ya zama sha'ir a Armeniya. Bijimi ya samu sunan saboda shi ke jan garmar da ake noma hatsin. Mota ta samu sunan saboda ita ke kai mutum gari. Citta ta Japan kuma, ai mu ma daka ta muke yi ta zama gari. Har kogin namu ban bari ba. Na ce don yana ciyar da mutane aka raɗa masa sunan, alhali babu wani dattijo a Shuwaki ko Gwarmai ko 'Yandadi da ya taɓa faɗa mini haka, kuma ban je na tambayi kowa ba.

Inda na fi ji da shi shi ne Birazil, domin a nan ina riƙe da tarihi na gaskiya. An kai Hausawa bayi yankin Bahiya da yawa a farkon ƙarni na 19. Su ne a gaba a yunƙurin bore na 1807 da 1809 da 1814, kuma suna cikin Musulmin da suka tayar da babban boren birnin Salbado a watan azumin 1835. Sai na ce waɗannan kakannin namu ne aka tilasta wa sharar gari, har sunan aikin ya bi su. Lokacin da na rubuta wannan sakin layi idona ya kawo ruwa. Na ji tamkar na mayar wa bayin Allah nan wani haƙƙi da aka danne musu.

Na buga takardar, na raba wa 'yan ajin ƙarshe, na karanta ta a wani taron iyaye da malamai. Aka yi ta kabbara da sa albarka. Wani dattijo ya riƙe hannuna bayan an tashi, ya ce, "Malam, ka fitar da mu kunya, ashe sunan nan namu duniya ce ta san shi." Mutane suka ɗauki hotonta a waya, ta zaga inda ni kaina ban taɓa zuwa ba.

A cikin 'yan ajin akwai wani yaro mai ƙwazo ƙwarai, ɗan manomi, wanda ya samu shiga wata babbar makaranta a birni, ya zaɓi karatun harshe, kuma na san saboda ni ya zaɓa. Da aka ba su aikin gabatar da bayani a gaban aji kan dangantakar Hausa da wasu harsuna, sai ya ɗauko takardata ya gina aikinsa a kai, ya kuma ambaci sunana da alfahari. Malaminsu bai ci masa fuska ba, kamar yadda yaron ya faɗa mini da bakinsa. Tambayoyi kawai ya yi masa. Ta wace hanya kalmar ta bi daga Kano zuwa Japan, kuma su wa suka ɗauke ta? A wane zamani? Yaya ake faɗin kalmar a wancan harshen shekaru ɗari biyar da suka wuce? In Hausa ta ba Basko sunan alkama, ina sauran kalmomin da suka tafi tare da ita? Yaron ya tsaya a gaban 'yan'uwansa ɗalibai ba shi da amsa ko ɗaya, domin ni da na ba shi takardar ban ba shi amsa ba, ni ma ba ni da ita.

Da ya zo hutu ya same ni a ƙofar gida bayan sallar la'asar. Ya durƙusa ya gaishe ni, muka taɓa zancen damina da tsadar taki, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai wata magana, ban sani ba ko ni ne ban fahimci takardar nan daidai ba." Ya kwashe yadda aka yi ya faɗa mini. Ya ƙara da cewa malaminsu ya ce gari na Birazil sunan wani mutum ne.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Na farko rashin sani ne, wannan kuwa girman kai ne. Na ce masa littattafan da malaman jami'a ke karantawa Turawa ne suka rubuta su, kuma Bature ba zai taɓa yarda cewa harshen baƙar fata ya ba duniya wani abu ba. Na ce ya riƙe abin da na koya masa. Yaron bai musa mini ba, tarbiyyarsa ba za ta bari ba. Ya ce, "To, Malam, Allah ya ƙara sani," ya tashi ya tafi. Har hutun ya ƙare bai sake zuwa ba. Na sa shi a tsakanin malamai biyu, na kuma nuna masa cewa in hujja ta ƙare wa mutum, sai ya ɓata sunan mai tambaya.

Wadda ta fara karya mini gwiwa ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Gwaggona ce, yayar mahaifina. Na shiga gaishe ta na tarar yara sun dawo daga injin niƙa, tana zaune a kan tabarma da rariya a hannu tana tankaɗen garin dawa a faranti, tsakin tana juye shi a ƙwarya gefe guda. Zuciyata tana neman wanda zai goya mini baya, sai na ce, "Gwaggo, kin san garin nan da kike tankaɗewa da garin da muke zaune a ciki kalma ɗaya ce?" Ta dakata da kaɗa rariyar, ta ce, "Ɗan nan, sake faɗa in ji." Na sake. Ta ce, "To ai kai ma da ka faɗa yanzu ba iri ɗaya ka faɗe su ba. Na zama a gajarce yake fita. Na tuwo sai ka ja shi, gaari. Tun da nake ban taɓa jin wanda ya haɗa su ba sai yau." Ta ci gaba da aikinta.

Na maimaita su a bakina a hanyar komawa gida, kuma gaskiyarta ce. Wasalin farko na ɗaya gajere ne, na ɗayan dogo. Wannan abu ne da nake koyarwa a aji, tsawon wasali da karin sauti, har jarrabawa nake yi wa yara a kai. Amma da na zo kan abin da raina ke so, sai na bi ido na bar kunne. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, shi ya sa kalmomin biyu suka zama abu ɗaya a takarda. Mai rubutun ajami ba zai faɗa wannan rami ba, domin zai ƙara alifi a garin tuwo. Ƙamusun Bargery na 1934 ma wuri daban-daban ya ba su. Irin wannan makantar ta takarda ce ta sa rubutun Turanci ya kasa raba kunci na fuska da ƙunci na rayuwa, tunda ba shi da ƙ mai lanƙwasa. Ginshiƙin takardata ke nan ya faɗi tun a tsakar gida, kafin a je ko'ina.

Daga nan na koma na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ina tambayar kowace daga ina ta fito a gidansu, ba ina tilasta mata ta zo gidanmu ba.

Ta Birazil ta fi yi mini ciwo. A 1876 aka ba wani ɗan kasuwa Bafaranshe mai suna Aleixo Gary kwangilar tsabtace titunan birnin Riyo. Mutanen birnin suka riƙa kiran ma'aikatansa da sunansa, har sunan ya zauna a kan duk mai wannan aiki a ƙasar. Yau ma ranar 16 ga Mayu ranar girmama su ce a can. Riyo tana da nisan fiye da kilomita dubu daga Salbado, kuma shekara 41 ke tsakanin boren 1835 da kwangilar. Wato na ɗauki mutanen da suka tsaya da ransu a kan 'yanci da addini, waɗanda aka samu rubutun Larabci da layu a jikin wasunsu, na laƙaba musu labarin da ba nasu ba. Tarihinsu na gaskiya ya ishe su daraja. Ni na rage musu, ban ƙara ba.

Ta Swahili kuwa da gaske baƙuwa ce a can, sai dai daga gabas ta zo. Kalmar Indiya ce ta abin hawa mai ƙafafun gargare, wadda duk mai kallon finafinan Indiya a Kano ya sha jin ta. Jiragen ruwan fatake sun shafe ƙarnoni suna kai da kawowa tsakanin Indiya da gaɓar gabashin Afirka, sannan daga 1896 zuwa 1901 Ingilishi suka kawo leburori kusan 32,000 daga Indiya don shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa bakin tafkin Biktoriya. Jirgin ƙasa a Swahili garimoshi ne, wato abin hawa mai hayaƙi. Keken dokin Habasha da motar Somaliya duk wannan kalma ce. Ga hanya, ga mutanen da suka bi ta, ga ma'ana ba ta kauce ba. Irin amsar da aka nema a wurin ɗalibina ke nan.

Sauran ba su ɗauki lokaci ba. Japanawa suna danganta sunan cittarsu da ƙarar da take yi a baki in ana tauna ta, kuma ba shi ne ainihin sunan citta a harshensu ba, na wannan haɗin ne kawai. Basko harshe ne da har yau ba a tabbatar masa da ɗan'uwa ko ɗaya a duniya ba, Armeniyanci kuma dangin Farisanci da Girkanci ne. Wasu sun taɓa ƙoƙarin ƙulla su da juna ta irin waɗannan kalmomi, yawancin masana ba su karɓa ba. Ta Fulani ce ta fi ba ni kunya, domin amsarta tana bayan gidana. Jam'in ngaari shi ne ga'i. Gaɓar ri da ke ƙarshe ɗafa-ƙeya ce ta rukunin suna, tana faɗuwa a jam'i, ba ta cikin saiwar kalmar. Rabin kamar da na gani ke nan ya tafi. Duk Bafulatanar da ke kawo nono kasuwa za ta iya faɗa mini wannan, da na tambaya.

To me ya sa kamar ta yi yawa haka? Lissafin ba wuya. A ɗauka harshe yana da baƙaƙe 20 da wasula 5. Gaɓoɓin da za a haɗa na baƙi da wasali 100 ne, kalmomi masu gaɓa biyu kuma 10,000. Harsunan duniya sun kai wajen 7,000, kowanne da dubban kalmomi, kuma sautukan g da a da r da i suna cikin waɗanda ɗimbin harsuna ke da su. Dole a yi karo. Abin mamaki shi ne a ce ba a yi ba. In kuma mutum ya ba kansa izinin jan ma'ana yadda ya ga dama, daga gari zuwa mota, daga tuwo zuwa bijimi, to babu kalmomi biyu a duniya da ba zai iya aurar da su ba. Masana suna da misalan da suka fi nawa ban mamaki, inda sauti da ma'ana duka suka zo ɗaya. A harshen Mbabaram na 'yan asalin Ostareliya sunan kare dog ne, daidai da Ingilishi, kuma masanin harshe Dixon ya nuna cewa daga tsohuwar kalmarsu gudaga ta samo asali, ba ruwanta da Turawa. Farisanci da Ingilishi duka suna cewa bad ga abu maras kyau, kuma kowace da hanyar da ta biyo.

A nan ƙasarmu, inda gona ke manne da gona, kowace kunya an san mai ita, ba a taɓa ba wani kaso a gadon gona don ya yi kama da mamacin ba. Sai an ji wanda ya haife shi, an kawo shaidu, mai unguwa da liman sun gamsu. Na san wannan tun ina yaro, amma ban yi wa kalmomi wannan adalcin ba.

Abin da ya fi sanyaya mini jiki shi ne da na gane ba ni kaɗai ke faɗawa ba, kuma Turawan da na zarga su ma sun faɗa, wani daga cikinsu ne kuma ya tsamo mu. Shekara da shekaru ana rubutawa a littattafai da jaridun duniya cewa kalmar boko daga book ta Ingilishi aka aro ta. Ni ma haka na koyar. A 2013 Paul Newman, wanda ya rubuta babban littafin nahawun Hausa na shekarar 2000, ya nuna cewa ba haka ba ne. Boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, na yaudara, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Hujjarsa a bakinmu take: cook ta Ingilishi da ta shigo Hausa kuku ta zama, ba koko ba, don haka da book ce ta shigo, da wasalin u za ta zo. Ga Bature ya ƙwato wa Hausa kalmarta daga hannun Ingilishi, ta hanyar bin ƙa'idar da ni na raina. Maganar da na faɗa wa ɗalibina a ƙofar gida zalunci ce ga mutane irin wannan.

Ƙa'idar kuwa ita ce sauti ba ya sauyawa a kalma ɗaya shi kaɗai; in ya sauya, jerin kalmomi yake ɗauka. Mu da ke kusa da iyakar Katsina muna jin wannan a kasuwa. Inda Bakano ke cewa zauna, mutumin Sakkwato ko Katsina zamna zai ce. Aure, amre. Sauka, sabka. Auduga, abduga. A cikin Kananci ma ga talaka ga talauci, ga ɓauna ga jam'inta ɓakane. Bajamushe August Klingenheben ya bayyana wannan tsari tun ƙarshen shekarun 1920, har ake kiran dokar da sunansa. Wanda ke son ya ce harshe kaza ɗan'uwan harshe kaza ne, irin wannan jeri ake so ya kawo, ba kalma ɗaya tilo da ya tsinta a rediyo ba.

Kuma da aka bi wannan hanya, abin da aka samo wa Hausa ya fi abin da na ƙaga mata nesa ba kusa ba. Joseph Greenberg, a ayyukansa na shekarun 1950 da littafinsa na 1963, ya tabbatar da cewa Hausa da 'yan'uwanta na rukunin Cadi, irin su Bolanci da Ngizim da Bade da Angas da Margi, dangi ɗaya suke da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye da na tsohuwar Masar. Ba aro ake nufi ba, kamar yadda muka ari littafi da alƙalami bayan zuwan Musulunci. Kaka ɗaya ake nufi, tun dubban shekaru. Shaidun kuma ba su cika kama da juna a ido ba. Mutu da mautu na Larabci sun yi kusa, amma wa zai kalli suna ya ga ismu, ko ya kalli harshe ya ga lisanu, in ba an nuna masa halshe na Sakkwatanci an cire masa ha ta farko ba? Huɗu tamu da ƙashi suna da 'yan'uwa a rubutun Masar ta zamanin Fir'auna. Ta da muke sa wa mace, ta zo, ta tafi, ita ce ta ɗin da Balarabe ke sawa a farkon aikatau na mace. Fulatanci kuwa, da muke kwana muke tashi da masu shi, ba ya cikin wannan dangi, haka ma Barbarci. Da na koya wa yara wannan, da sun fita da abin da za su tsaya a kansa a gaban kowane malami.

Kalmomin Hausa da suka yi tafiya da gaske ma suna nan, da sawunsu a ƙasa. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja da Salaga sun bar zango, wanda ya zama sunan unguwannin baƙi a garuruwan Gana. Shinkafa da wake ta zama waakye a can, tuwon zafi ya zama tuo zaafi. Albasa ta taso daga Larabci ta ratsa ta bakinmu ta zama alubosa a Yarbanci. A cikin dukan jerin da na tara, biyu ne kawai ke da irin wannan ƙafa ta tsayawa: kunun da Fulanin Adamawa da arewacin Kamaru ke kira gaari, da kuma garin rogo na kudu. A nan ma'ana ta yi kusa, mutanen kuma sun daɗe suna cuɗanya. Shi ma garin rogon sai an yi hattara, domin rogo ba ɗan Afirka ba ne. Turawan Fotugal suka kawo shi daga Kudancin Amurka, kuma 'yantattun bayin da suka dawo daga Birazil a ƙarni na 19 sun taimaka wajen yaɗa dabarar gurza shi da matsewa da soyawa. Hanyar Birazil da na yi ta nema tana nan, amma abin da ya biyo ta rogo ne, kuma zuwa ya yi, ba tafiya ba.

Na je gidan su yaron a hutu na gaba. Na yi sallama, mahaifinsa ya shimfiɗa mini buzu a zaure, na ce a kira mini shi. A gaban mahaifin na ce masa malaminsu ne ke da gaskiya, ni na yi kuskure, kuma abin da na faɗa masa a ƙofar gidana bai dace da malami ba, ya yafe mini. Mahaifin ya yi ta cewa, "Haba Malam, ai ba a haka tsakanin uba da ɗa." Yaron bai ɗago kai ba, ya ce, "Ba komai, Malam, wallahi ba komai." Na san akwai komai. Kunyar da ya sha a gaban aji ba ta gogewa da ban-haƙuri, kuma yanzu in na faɗi abu, na ga yana auna shi kafin ya karɓa. Hakan ya fi masa alheri, ko da yake ni na jawo shi ta hanyar da ba ta kamata ba.

A makaranta na shiga kowane aji da nake koyarwa na rubuta kalmomin a allo, na soke su ɗaya bayan ɗaya tare da dalili. Amma 'yan ajin da na fara raba wa takardar sun riga sun watse, wasu suna Kano, wasu Legas, wasu an yi musu aure a ƙauyuka. Kwanan baya a wurin wani ɗaurin aure na ji wani mutum da ban sani ba yana ba da labarin bayin Hausawa masu sharar gari a Birazil, jama'a suna jinjina kai. Na ja shi gefe na faɗa masa ni na ƙirƙiro zancen kuma ba gaskiya ba ne. Ya dube ni da mamaki, ya ce shi a wurin wani babban malami ya ji.

Mu Hausawa muna son irin wannan fassara, kuma tana da daɗi a kunne. An ce Hausa daga hau sa ne, an ce Bayajidda ba ya ji da ne. A matsayin hikimar baka da ke nuna yadda mutane ke kallon kansu, suna da muhallinsu, ban ce a zubar da su ba. Haka nan jama'a suna da 'yancin sauya sunan da ke yi musu nauyi a kunne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa wasu sahabbai sunaye saboda ma'anarsu, kuma har yanzu ina goyon bayan Ghari. Amma yadda kalma ke faɗa wa kunne yau abu ne daban, inda ta fito abu ne daban. Na biyun tarihi ne, shaida yake bukata, kuma wanda ya tsaya a gaban allo ya faɗe shi ba shaida ya ci amanar yaran da iyayensu suka sayar da hatsi suka saya musu littafi.

Ina roƙon 'yan'uwana malaman Hausa, musamman na karkara inda maganar malami ba ta da mai ja, kafin mu faɗa wa yara asalin wata kalma mu buɗe Bargery ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, mu kuma tambayi masu harshen da muke magana a kansa in suna kusa. Duk wanda takardata ke hannunsa ko a wayarsa, don Allah ya goge ta, kada ya tura wa kowa. In kuma ka riga ka ba wani labarin, ka koma ka faɗa masa cewa wanda ya rubuta ta ya janye, kuma mai sharar titin Birazil sunan Aleixo Gary yake amsawa.